Idan Manhaja Ta Ƙi Shiga Waya Ko Ta Ƙi Sabuntuwa: Jagora Ga Masu Gina Manhaja A Kano

Duk wanda ya gina manhajar Android ya sake ta a hannun jama'a ya san saƙon muryar nan da ke shigowa ta WhatsApp, wanda ba ya wuce, "Malam, abin nan fa ya ƙi shiga." Ita ma wayar ba ta ƙara haske a kai, domin abin da take nunawa gajeren rubutu ne na Turanci, "App not installed", alhali dalilan da ke iya janyo shi suna da yawa, kuma maganin kowanne daban. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai manhaja ita ce a goge tsohuwar a saka sabuwa. Sau da yawa hakan kan yi aiki, kuma a nan haɗarin yake, domin idan manhajar ta lissafin shago ce, kuma ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singer ya zuba bashin da yake bin mutane na wata da watanni a cikinta, to gogewar za ta tafi da littafin bashin gaba ɗaya. Saboda haka ƙa'idar da wannan jagora ta tsaya a kai ita ce, ba a cewa kowa ya goge komai sai an san takamaiman dalilin da ya sa wayar ta ƙi.

Mataki na farko: ta wace hanya fayil ɗin ya iso wayar?

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka tambayi mai ƙorafin abubuwa uku: daga ina ya samo manhajar, wace irin waya ce kuma Android na nawa take ɗauke da shi, sannan ko akwai tsohuwar manhajar a wayar. Ka roƙe shi ya ɗauki hoton fuskar wayar ya turo, domin bayanin baki kan sha bamban da abin da ke rubuce.

Tambaya ta farko ta fi sauran nauyi a Kano, saboda manhaja a garin nan ba ta bin hanya ɗaya. Wani daga Play Store ya sauke, wani kai ka tura masa APK, wato fayil ɗin saka manhajar, ta WhatsApp, wani kuwa abokinsa ne ya tura masa ta Xender, ko kuma yaron shago a Farm Centre ko Beirut Road ya zuba masa manhajoji ranar da ya sayi wayar. Wannan hanya ta ƙarshe tana da matsala tata ta musamman. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji shiga Play Store a siffar AAB, wato ƙunshin da mai manhaja ke ɗorawa maimakon APK, kuma daga wannan ƙunshi ne Play yake yanko wa kowace waya abin da ya dace da ita: babban ɓangare guda, da ƙananan ɓangarori na irin injin wayar (processor), da girman fuskarta, da harshenta. Wato abin da ke cikin wayar abokin ba fayil ɗaya ba ne, kuma an yanka shi ne daidai da wayarsa. Idan manhajar tura fayil ta ɗauki babban ɓangaren kawai ta bar sauran, ko ta kai ɓangarorin wata waya ga wadda ba irinta ba, sai ko dai sakawar ta gaza, ko manhajar ta shiga amma ta mutu da zarar an taɓa ta. Ba za ka iya hana mutane tura wa juna manhaja ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ka so hana su ba a garin da kuɗin data ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Abin da ya kamata shi ne ka tanadi fayil guda cikakke wanda ya dace da kowace waya, ka ajiye shi inda za a same shi. Yadda ake samunsa yana tafe a mataki na uku.

Mataki na biyu: a sa wayar ta faɗi ainihin dalili

Android ya san dalilin da ya sa ya ƙi, kawai dai ba ya faɗa wa mai waya. Hanyar jin ta bakinsa ita ce adb, wata ƙaramar manhajar kwamfuta da ake ba waya umarni da ita. Idan wayar na kusa, ka shiga saitinta, ka nemo lambar gini (Build number) a sashen bayanin waya, ka taɓa ta sau 7 har sashen masu gina manhaja ya bayyana, ka kunna binciken USB (USB debugging), ka haɗa ta da kwamfuta da kebul mai ɗaukar bayanai. A kula da wannan, domin wasu kebul masu araha caji kawai suke yi, kuma mutum zai iya ɓata rabin yini yana zargin kwamfutarsa a banza. Idan ka rubuta adb devices ka ga wayar ta fito, sai ka rubuta adb install -r da sunan fayil ɗin. A nan maimakon jimlar nan marar bayani za ka ga lamba mai suna, irin su INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE ko INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS, kuma kowacce tana nuna ƙofar da za ka shiga.

Idan wayar tana nesa, ka nemi irinta. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda dukansu na kamfanin Transsion ne, su suka cika hannun jama'a a nan, don haka mai gina manhaja a Kano da ba shi da ko da tsohuwar itel guda a aljihun teburinsa yana gwaji ne a kan wayar da abokan cinikinsa ba sa riƙewa.

Mataki na uku: sa hannu, inda mafi yawan rigimar take

Kowace manhajar Android tana ɗauke da sa hannun mabuɗin da aka rufe ta da shi, wato wani fayil na sirri, kuma wayar ba ta yarda sabuwa ta hau kan tsohuwa sai sunan ƙunshinsu (package name) ɗaya ne kuma sa hannunsu ɗaya. Kamar ma'aikacin banki ne da aka miƙa wa cak: ko ya san fuskarka, idan sa hannun ya saɓa da wanda ke ajiye ba zai biya ba. Wannan kariya ce mai kyau, domin ita ke hana wani ya gina manhajar bogi da sunan taka ya ɗora ta kan ta mutane ya kwashe bayanansu. Idan adb ya ce INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE, wannan kariya ce ta tsayar da kai.

Ta yaya mutum ɗaya yake ƙarewa da sa hannu biyu? Hanya ta farko ita ce mabuɗin gwaji. Android Studio, wanda ake gina manhajojin Android da shi, yana ƙirƙira wa kowace kwamfuta mabuɗin gwajinta a fayil ɗin debug.keystore, don haka idan ka tura wa abokin ciniki fayil ɗin gwaji daga tsohuwar kwamfutarka, sannan ka sayi wata ko aka yi mata sabon Windows, to na biyun ba zai hau kan na farkon ba. Kada fayil ɗin gwaji ya taɓa fita zuwa hannun wanda zai zuba bayanan gaske a ciki, ko da kuwa yana gaggawa. Wanda maɓallin gudanarwa (Run) na Android Studio yake fitarwa ma ya fi muni, domin yana ɗauke da alamar gwaji kawai, wayar kuma za ta ƙi shi da INSTALL_FAILED_TEST_ONLY.

Hanya ta biyu ita ta fi rikita mutane. A tsarin sa hannu na Play akwai mabuɗi biyu: wanda kake rufe AAB da shi kafin ka ɗora, da wanda Google yake riƙe da shi yake sa wa abin da jama'a ke saukewa. Idan ka bar Google ya ƙirƙiri na biyun, to ba ka da shi kuma ba za a ba ka shi ba. Sai ka gina APK a kwamfutarka da mabuɗin ɗorawa ka raba wa mutane ta WhatsApp, a zatonka abu ɗaya ne da na Play Store. Daga ranar manhajarka ta rabu gida biyu: masu ta Play ba za su iya karɓar fayil ɗinka ba, masu fayil ɗinka kuma Play ba zai iya sabunta musu ba. Don tabbatar da hakan, ka gudanar da apksigner verify --print-certs a kan fayil ɗin da ake ƙorafi a kai, ka kwatanta zanen SHA-256 da ya fito, wato jerin haruffa da lambobin da ke tantance mabuɗin, da wanda ke shafin sa hannu a Play Console, inda kake kula da manhajarka a Play. Idan sun bambanta, ka gano ciwon.

Rigakafinsa mai sauƙi ne. Duk lokacin da kake son fayil ɗin rabawa hannu da hannu, ka shiga Play Console, sashen duba ƙunshin manhaja, ka sauke cikakken APK ɗin da Google ya sa wa hannu, wanda ya haɗa dukan ɓangarorin a wuri guda. Shi za ka ɗora a shafinka ko ka tura a guruf, kuma shi ne wanda zai jure tafiya ta Xender, sannan Play zai iya sabunta shi daga baya. Idan kuma manhajar ta riga ta yaɗu a wajen Play kafin ka kai ta can, to a ranar ɗorawa ta farko ka miƙa wa Google tsohon mabuɗinka ya zama shi ne na sa hannu, maimakon ka bar shi ya ƙirƙiri sabo. Wannan zaɓi na minti biyu ne, amma shi ke yanke ko tsofaffin masu amfani da manhajarka za su bi ka ko za a bar su a baya.

Idan ɓarnar ta riga ta faru, babu dabarar da za ta haɗa sa hannu biyu, dole wani ɓangare ya goge ya sake sakawa. Abin da ke hannunka shi ne ka hana bayanansu salwanta. Ka fitar da sabuntawa ta ƙarshe da tsohon mabuɗin, wadda ke da maɓallin fitar da bayanai zuwa fayil ko tura su sabar, sabuwar kuma ka sa mata hanyar shigo da su, sai bayan mutum ya tabbatar ya adana sannan ka ce ya goge. Kada ka dogara da ajiyar da Android ke yi da kansa zuwa Google Drive, domin iyakarta MB 25 ce ga kowace manhaja, kuma a saitin asali tana jiran Wi-Fi, abin da wayoyi da yawa a nan ba sa gani.

Batun ɓatan mabuɗi ma yana nan. Idan na ɗorawa ne ya ɓata, ana iya neman a sauya shi ta Play Console. Idan kuwa kai kaɗai ke riƙe da mabuɗin sa hannu, kwamfutar kuma ta mutu ko aka sace ta, to manhajar ta tsaya ke nan, sai dai a sake fitowa da sabon sunan ƙunshi. Ka ajiye fayil ɗin mabuɗin da kalmomin sirrinsa a wuri biyu da ba su haɗa ɗaki ba, kuma kada ya shiga GitHub, shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu. Idan wani kamfani ko makaranta ka yi wa aikin, ku rubuta a yarjejeniya wanda ke riƙe da shi.

Akwai kuma lokacin da mutum zai rantse ya goge tsohuwar amma wayar ta ci gaba da ƙi. Galibi manhajar tana nan a wani sashe na wayar, ko dai a asusun baƙo, ko a tagwayen manhaja da wasu wayoyi ke ba da damar yi. Umarnin adb uninstall da sunan ƙunshin yakan share ta daga ko'ina.

Mataki na huɗu: lambar siga

Wayar ba ta duba "2.1" ɗin da mutane ke gani, tana duba versionCode ne, wanda lamba ce cikakkiya da dole ta riƙa hawa. Idan ta yi ƙasa da wadda ke wayar, amsar ita ce INSTALL_FAILED_VERSION_DOWNGRADE. Masu aiki da Flutter, ɗaya daga cikin kayan gina manhaja, su lura da wani tarko: idan aka gina da --split-per-abi, Flutter yana ƙara dubbai a kan lambar gwargwadon irin injin, ta yadda siga ta 7 kan zama 1007 ko 2007. Wanda ya saka wannan fayil, idan ka turo masa siga ta 8 da aka gina ba tare da rabawar ba, wayarsa za ta ɗauka baya kake son mayar da shi. Haka kuma kada a yi wasa da manyan lambobi, domin Play ba ya karɓar abin da ya wuce 2100000000.

Mataki na biyar: ita kanta wayar

Idan sa hannu da lamba sun yi daidai, sai a koma kan na'urar. Ka rubuta adb shell getprop ro.product.cpu.abilist ka ga irin injin da take karɓa. Ƙananan wayoyi da yawa, musamman masu Android Go, wato Android mara nauyi na ƙananan wayoyi, armeabi-v7a kawai suke ɗauka, wato tsarin bit 32, don haka wanda ya gina wa arm64-v8a kaɗai don ya rage nauyin fayil ya rufe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS zai gani. Play ya wajabta bit 64 tun Agustan 2019, amma bai ce a jefar da bit 32 ba, kuma a kasuwa irin tamu jefar da shi kuskure ne.

INSTALL_FAILED_OLDER_SDK na nufin ka ɗaga minSdk, wato mafi ƙarancin sigar Android da manhajar ke karɓa, sama da abin da wayar ke da shi. A ɗaya gefen kuma, Android 14 yana ƙin manhajar da targetSdk ɗinta, wato lambar sigar Android da take nufi, bai kai 23 ba, abin da kan faɗa wa tsofaffin manhajojin makarantu da ƙungiyoyi da aka gina aka manta da su. Manhajar da ke nufin Android 11 zuwa sama dole ta ɗauki sa hannu na tsari na 2 ko sama da haka, wadda ke nufin Android 12 kuma dole ta fayyace android:exported a duk sashen da ke karɓar kira daga waje, in ba haka ba wayar za ta ce fayil ɗin bayanin manhajar a lalace yake.

Ƙarancin wuri sananne ne, sai dai mutane kan yi mamaki idan manhajar MB 40 ta ƙi shiga wayar da ke nuna saura MB 300. Dalili shi ne ana buƙatar wurin fayil ɗin da aka sauke, da wurin kwafinsa, da na abin da wayar ke sarrafawa daga ciki, tsohuwar kuma tana nan har sai sabuwar ta zauna, sannan Android yana keɓe wani kaso da ba ya bari a taɓa. Bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp su ne wurin farko da za a duba. Idan kuma saƙon ya nuna an kasa karanta ƙunshin, ka kwatanta girman fayil ɗin da ke wayar da na asali, domin saukewar da netwok ya katse takan bar guntun fayil mai cikakken suna. Daga Android 8 kuma izinin sakawa daga waje ya zama na kowace manhaja daban, wato wanda ya buɗe fayil ɗin daga WhatsApp sai ya ba WhatsApp izini, wanda ya buɗe daga Chrome sai ya ba Chrome. Idan Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa na Google, ya yi gargaɗi, ban ga hikimar koya wa mutane su kashe shi ba, domin gobe fayil ɗin ɗan damfara ne zai shigo ta ƙofar da ka buɗe.

Mataki na shida: an saki sabuntawa amma ba ta isa ba

Wannan ƙorafi iri biyu ne. Na farko, sabuntawar ba ta bayyana a Play Store na mutumin ba. Ka duba ko har yanzu ana nazarinta, ko ka kunna sakin da ke jiran umarninka, ko kuma kashi kaɗan na jama'a ka sakar wa kuma shi bai faɗo ciki ba. Ka duba jerin na'urori a Play Console, domin wani sabon izini ko laburare da ka ƙara yana iya cire wayoyi da dama daga cikin masu dacewa ba tare da ka lura ba. Idan saukewar ce ta maƙale tana jira, a duba kwanan wata da agogon wayar, domin wayar da batirinta ya mutu ta koma wata shekara can baya ba za ta iya gaisawa da sabar Google ba, sannan a share tarkacen (cache) Play Store.

Na biyu shi ya fi yawa a nan: sabuntawar tana nan amma ba wanda ya sauke. Play Store a saitinsa na asali yana jiran Wi-Fi kafin ya sabunta da kansa, wanda kuwa rayuwarsa gaba ɗaya a kan data take zai iya shekara da tsohuwar siga. Saboda haka dole sabarka ta ci gaba da fahimtar tsofaffin sigogi na tsawon lokaci, kuma ka sa wa manhajar hanyar sanar da mai ita daga ciki. Play yana da tsarin sabuntawa a cikin manhaja iri biyu, mai sassauci wanda ke saukewa mutum na ci gaba da aikinsa, da na dole wanda ke rufe fuska sai an gama. Na dolen a ajiye shi don matsalar tsaro ko ta kuɗi, domin tare mai shago da tilas a lokacin da abokin ciniki ke tsaye a gabansa, datarsa kuma ta kusa ƙarewa, hanya ce ta sa ya bar manhajar. Ka rubuta masa girman abin da zai sauke tun kafin ya danna.

A sani kuma cewa Play ba shi da komawa baya. Idan siga ta fita da matsala, abin da za ka iya shi ne ka dakatar da sakin, ka gina gyara da lamba mafi girma. Shi ya sa farawa da kashi 5 ko 10 cikin ɗari ya fi, kuma ba a saki ranar Alhamis da yamma idan ba a shirya zaman gyara ranar Juma'a ba. Ga masu sabon asusu na ƙashin kai da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023, Google yana buƙatar gwaji na rufe da aƙalla mutum 12 na tsawon kwana 14 a jere kafin a ba da damar fita fili, don haka kada ka yi wa abokin ciniki alƙawarin mako guda.

Mataki na bakwai: ta shiga, amma tana mutuwa

Idan sabuwar saka tana aiki amma sabuntawa tana mutuwa, ka fara zargin rumbun bayanai. Wanda ya sauya tsarin teburin Room, laburaren ajiye bayanai na Android, ya ɗaga lambarsa ba tare da rubuta hanyar ƙaura ba, manhajarsa za ta faɗi da buɗewa, wanda kuma ya toshe bakin matsalar da fallbackToDestructiveMigration ya yi daidai da wanda ya goge wa mutane bayanansu da hannunsa. Ƙaurar ma ba daga sigar jiya kawai za a gwada ta ba, tunda mun ga akwai masu tsallakowa daga ta bara. Ka adana APK na kowace siga da ka taɓa saki, ka saka tsohuwa, ka zuba mata bayanai, sannan ka ɗora sabuwa a kai, kana kallon adb logcat, wanda ke nuna rahoton abin da ke faruwa a cikin wayar.

Idan kuwa tana aiki a kwamfutarka amma ta Play ce ke ba da matsala, abu biyu ne kan gaba. Ko dai R8, mai rage nauyin manhaja lokacin gini, ya sauya sunaye ko ya cire wani aji da ake kira a kaikaice, wanda ake gyarawa da ƙa'idojin kiyayewa tare da ɗora mapping.txt, fayil ɗin da ke nuna asalin sunayen, don rahoton faɗuwa ya karantu, ko kuma shiga da asusun Google da taswira sun daina aiki saboda zanen SHA-1 na mabuɗin gwaji kawai ka saka a Firebase, dandalin Google da manhajar ke jingina da shi, ba ka ƙara na mabuɗin da Google ke sa hannu da shi ba.

Ga masu iPhone lamarin ya fi ƙunci amma ya fi sauƙin ganewa, domin babu rabawa ta Xender. Rajistar Apple dala 99 ce duk shekara, saɓanin dala 25 na Google da ake biya sau ɗaya, kuma idan ta ƙare ba a sabunta ba manhajar takan sauka daga App Store. Sigar gwaji ta TestFlight, hanyar Apple ta raba wa masu gwaji, tana mutuwa bayan kwana 90, rabawa kai tsaye kuma tana aiki ne kawai a wayoyin da aka yi wa rajista a takardar izini. Don haka idan mai gwaji ya ce manhajar da ke aiki jiya ta ƙi buɗewa yau, ka duba ranar da aka ɗora sigar da ranar ƙarewar takardar kafin ka taɓa ko layi ɗaya na aikin.